Ƙannena, ku daina yi wa masu leƙen asiri amshin shata

Daren jiya a teburin mai shayin unguwarmu na zauna ina sauraron musun wasu samari uku har shayina ya huce. Ɗaya ya rantse da Allah Putin ne kaɗai namijin duniya. Ɗaya ya ce ƙarya ne, Amurka ce uwa ma ba da mama. Na ukun kuwa yana ta kunna musu wata murya da aka turo masa a WhatsApp, wai asirin fadar wata ƙasa ne ya tonu. Na ce masa, yaro, wa ya ɗauki wannan muryar? Ya ce a guruf ya gani. Wa ya saka ta a guruf ɗin? Ya ce shi ma wancan turo masa aka yi. Ana wannan musu wayoyin sauran biyun suna can shagon mai caji tun la'asar, kuma da bakinsu suka faɗa min ba su sa musu makulli ba, wai yana ɓata musu lokaci.

Da yawanku kuna firamare lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru. A shekarar 2013 wani matashi ɗan shekara 29, Edward Snowden, wanda ke yi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA aikin kwangila a Hawai, ya kwashi takardun sirri ya tafi Hong Kong ya miƙa wa 'yan jarida. Labarin farko da jaridar Guardian ta buga a ranar 5 ga watan Yuni ya nuna wata kotun sirri ta umarci kamfanin waya na Verizon ya riƙa miƙa wa gwamnati bayanan kiran masu amfani da layinsa, kullum, ba tare da an zarge su da komai ba. Kashegari sai ga maganar shirin PRISM, wanda ta hanyarsa hukumar ke samun saƙonni da hotunan mutane daga kamfanoni irin su Google da Facebook da Microsoft da Apple. Daga baya aka ji cewa takwararta ta Ingila, GCHQ, tana tatsar bayanai daga manyan wayoyin intanet da suka ratsa ƙarƙashin teku. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wata uku kacal kafin nan, shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka James Clapper ya zauna gaban majalisar dattawa, aka tambaye shi ko ana tara bayanan miliyoyin Amurkawa, ya ce a'a.

Na san abin da za ku ce, don na sha jinsa: ai ba sauraron maganar suke yi ba, kuma ni talaka ne, me zan ɓoye? To ku tsaya ku ji. A wancan umarnin na Verizon ba muryar ake karɓa ba, gefen maganar ake karɓa: lambar da ta kira, lambar da aka kira, ƙarfe nawa, minti nawa aka yi. Ka ɗauka wani ya san cewa jiya ƙarfe biyun dare ka kira wata lamba kun yi minti arba'in, da asuba ka kira likita, da hantsi ka kira kawunka na ƙauye, da azahar ka kira dillalin gidaje. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya san gidanku babu lafiya kuma ana shirin sayar da wani abu. Tsohon shugaban NSA da CIA, Michael Hayden, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa suna kashe mutane bisa irin waɗannan bayanan. Wanda ya yi aikin da hannunsa ne ya faɗa, ba ni ba.

Yanzu ga mai cewa Amurka uwa ce. A cikin takardun nan aka ga an sa wa wayar Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, ido, alhali ƙasashen biyu ƙawayen juna ne na kut da kut. Dilma Rousseff, shugabar Brazil ta lokacin, ta fasa ziyarar da za ta kai Washington saboda fushin an leƙa saƙonninta. A farkon watan Yulin 2013 jirgin shugaban Bolibiya Evo Morales yana dawowa daga Mosko, wasu ƙasashen Turai suka hana shi ratsa sararin samaniyarsu bisa zargin Snowden na ciki, dole ya sauka a Vienna ya kwana. Shugaban ƙasa guda, kuma Snowden ba ya cikin jirgin. Mu ma ba a bar mu ba. A ƙarshen 2016 jaridar Le Monde ta Faransa ta fitar da wani sashe na takardun da ke nuna GCHQ ta sa shugabannin Afirka da dama a cikin jerin waɗanda take bibiya, har da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa.

Mai cewa Putin namijin duniya kuma kada ya yi saurin tafi. Gaskiya ne Rasha ce ta ba Snowden mafaka bayan ya shafe kusan kwana arba'in a filin jirgin saman Mosko, har ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2022. Amma a Rashan doka ce ta tilasta wa kamfanonin waya da na intanet su girka na'urorin da hukumar tsaro ta FSB za ta riƙa shiga ta cikinsu, kuma a 2016 aka ƙara wata dokar da ta ce su riƙa adana maganganun mutane da saƙonninsu har tsawon wata shida. Snowden ɗin da kansa, yana zaune a ƙasarsu, ya soki dokar. China ce ta gina wa Tarayyar Afirka hedikwatarta a Addis Ababa kyauta, amma a 2018 Le Monde ta ruwaito cewa an shafe shekaru cikin dare ana kwasar bayanan kwamfutocin ginin zuwa Shanghai. China ta musanta, shugabannin Tarayyar ma sun musanta, sai dai duk wanda aka gina wa ɗaki kyauta ya kamata ya duba bango. Ga kuma manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda ake sayar wa gwamnatoci, tana iya shiga waya ko mai ita bai taɓa komai ba. A 2021 aka fallasa jerin lambobi kusan 50,000 da ake zaton masu sayenta sun yi sha'awa, cikinsu har da 'yan jarida da lambar Macron na Faransa. To a cikin waɗannan wanne ne ubangidan naka? Kura ce ta yi faɗa da kura, kai ɗan akuya kana gefe kana guɗa.

Su kansu takardun da ake fallasawa ba duka ake haɗiyewa ba. A 2023 wani sojan sama na Amurka ɗan shekara 21, Jack Teixeira, ya riƙa saka takardun sirri kan yaƙin Yukren a wani zauren hira na Discord don ya burge abokansa. Yanzu yana zaman gidan yari na shekara 15. Takardun na gaske ne, amma kafin su gama zagaya duniya wani ya ɗauki ɗaya ya sauya alƙaluman mamata, ya rage na Rasha ya ƙara na Yukren, aka ci gaba da yaɗa ta a Telegram a haka. Idan takardar gaske ana iya yi mata wannan kwaskwarima, ina ga muryar da ba ka san mai ita ba, a zamanin da kwamfuta ke kwaikwayon muryar kowa? Allah ya riga ya gaya mana a Suratul Hujurat cewa idan fasiƙi ya zo da labari mu bincika. Ɗan yatsan da ke danna turawa ba ya cikin waɗanda aka yafe wa wannan umarni.

A wannan surar dai aka ce kada mu yi tajassusi, wato bin diddigin asirin juna, kuma nan ne nake son kowa ya taɓa ƙirjinsa. Kana zagin Amurka don ta karanta saƙon mutane, kai kuma matarka na shiga wanka ka rarumi wayarta. Abokinka ya yi maka maganar amana, ka ɗauki hoton hirar ka watsa a guruf. Bambancinka da NSA shi ne ita tana da kuɗi da na'ura.

Kuma wanda zai fara cutar da ku da bayananku ba lallai ya zo daga Washington ba. Wani ƙanena ya sauke manhajar bashi ya karɓi 'yan dubbai, ta nemi izinin ganin lambobin wayarsa ya danna amincewa bai ko karanta ba. Da ya yi jinkirin biya na 'yan kwanaki, saƙo ya isa ga surukinsa da limamin masallacinsu da ni, ana kiransa ɓarawo. Na ga yaron nan ya yi sati yana zagayawa ta lungu don kada ya haɗu da mutane. Layinku yanzu a ɗaure yake da lambar NIN, ita kuma da hotonku da zanen yatsunku, don haka duk abin da ya fita daga layin da sunanku ya fita. Ku sa wa waya makulli, ku kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp, kuma lambar sirrin da ake turo muku kada ku karanta wa kowa ko da ya ce daga banki yake. Manhajar tocila da ta nemi ganin lambobin mutanenku, ku tambayi kanku me tocila za ta yi da lambar gwaggonku.

Kafin in tashi daga teburin na sa yaran biyu suka je suka karɓo wayoyinsu, muka zauna muka sa musu makulli. Ɗaya ya zaɓi 1234, na ce ya sake. Ya sa shekarar haihuwarsa, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a shafinsa na Facebook, na ce ya ƙara sakewa. Mai shayi yana ta dariya, sai ga shi ya zaro tasa daga aljihun gaba ya miƙo min ya ce, Malam, duba min tawa ma.