Idan abokin zamanka a aji ya yi shiru

Ƙannena ƴan kwaleji da ƴan lise na Damagaram, da ku ƴan uwana na Jami'ar André Salifou, ina da magana da ku, kuma ta daɗe tana ci mini rai.

Shekarar da muke tarminal, ajin ƙarshe na lise, akwai yaron da muke benci ɗaya da shi. Daga wani ƙauye ta wajen Magarya ya zo, aka sauke shi gidan wani ɗan uwan mahaifinsa na nesa. Kun san yadda ruwa yake a garin nan idan bazara ta kama. Tun kafin kiran sallar asuba yana layin famfo da jarkoki, sai ya cika randunan gidan kafin ya kama hanyar lakwal, sau da yawa cikinsa ba komai. Duk da haka yana da kai, lissafi ba ya ba shi wuya. Daga watan Maris sai ya fara canzawa. Ya daina zuwa fada shan shayi. Mushe na bayani, shi kuwa ya kafa wa allo ido, alƙalami a hannu amma kayensa fari fat. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce iska ta taɓa shi, har aka laƙaba masa suna. Ni da kafaɗata ke gogar tasa kullum, ko sau ɗaya ban ce masa "me ke damunka?" ba. Saura sati uku a yi bak, jarrabawar gama lise, ya tattara kayansa ya koma ƙauye.

Bayan shekara biyu muka haɗu a Kasuwar Dole. Nan ya faɗa mini cewa a lokacin ya yi wajen wata uku ba ya samun barcin kirki, shafi ɗaya sai ya karanta sau biyar bai riƙe komai ba. Mahaifinsa ya sayar da awaki don karatunsa, shi ya sa ya kasa buɗe baki ya ce ya gaza. Ya ji tsoron idan ya yi magana mu ce ya haukace. Wallahi har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Abin da ya same shi ciwo ne, kuma ba shi kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa ko fargaba. Ku ƙirga ajinku. Idan kun kai saba'in, ana maganar mutum goma ke nan. Mu kuwa sai mutum ya tuɓe riga ya shiga titi muke yarda ba shi da lafiya, alhali ciwon yakan fara ne a ɓoye: barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, abin da mutum ke so a da ya daina burge shi, ko yarinya mai fara'a ta koma kuka ba dalili.

Kada wani ya ce muku wannan raunin imani ne. Manzon Allah (SAW) da kansa, shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, ana kiranta shekarar baƙin ciki. Annabi Yaƙub ya yi kukan rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. A yi addu'a, a sha rubutu idan iyaye sun kawo, amma a je gidan likita kamar yadda ake zuwa don masassara. Babban asibitin Zinder na da sashen masu wannan larura, kuma a CSI, ƙaramin gidan likita na unguwarku, ma ana iya farawa.

Sai batun tramol. Na san masu haɗiyarsa lokacin brebe da bak, wai don su kwana suna bita. Ƙanena, ƙwayar nan tana kama jiki har ka kasa rabuwa da ita, kuma tana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma cikin barcin ne abin da ka karanta ke zama a kai. Haka shan shayi mai kauri har ƙarfe uku na dare, shi ma barcin yake hana ka.

To idan ka ga abokinka ya yi shirun da ba ka saba gani ba, kada ka tambaye shi gaban jama'a. Ka raka shi hanya bayan an tashi, ku biyu kawai. Ka tambaya, sannan ka kama bakinka ka saurara, ba tare da ka yi masa wa'azi ba. Abin da ya faɗa maka kada ya isa fada ko WhatsApp. Amma idan ka ji ya ce ya gaji da duniya, ko gara ya mutu, wannan ba sirrin da ake riƙewa ba ne. Kada ka bar shi shi kaɗai, kuma a ranar ka sanar da wani babba da kuka yarda da shi, malami ko yayansa ko mahaifiyarsa.

Ku kuma ƴan gari, ku duba baƙin da ke ajinku, na Tanut da Gure da Matamai, waɗanda ba su da uwa a kusa. Ranar Juma'a ka ja ɗaya zuwa gidanku ya ci tuwon Inna, ka nuna masa inda tabarma take ya ɗan kwanta kafin la'asar.