Ba tsawon kalmar ne ke ka da mu ba

A makarantunmu na gida, yaron da ya iya jero haruffan antidisestablishmentarianism shi ne gwanin Turanci, har tafi ake yi masa. Zamana a Ingila ya nuna mini cewa mun ajiye tsoronmu a inda bai dace ba.

Kalmar haruffa 28 ce, gaɓa 12, amma duk ɗafe-ɗafe ne. Saiwarta establish, wato kafawa. Ɗafa-goshin dis ya rushe abin da aka kafa, anti ya yi adawa da rushewar, sai ɗafa-ƙeya ment da arian da ism suka mayar da ita suna, sannan mai ra'ayin, sannan aƙidar kanta. Ma'anarta adawa da raba Cocin Ingila da gwamnati, rikicin ƙarni na 19. An raba a Ireland a 1871, a Wales a 1920, amma a Ingila har yau sarki ne shugaban cocin. Bahaushen da ke fitar da marubuci da marubuta daga rubuta ba baƙo ba ne a wannan gini.

Gajerun ne masu wuya. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muka cusa wasali muka samu burodi da firamare da sukundireba. To ga strengths: haruffa tara, wasali ɗaya tak, gaɓa ɗaya. Harshe sai ya harɗe.

Wanda ya fi wannan kuwa shi ne inda ake danna murya. Mu karin sauti muke saurare, shi ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, kuma kowace gaɓa muna ba ta haƙƙinta. Bature gaɓa ɗaya yake dannawa, ya haɗiye sauran. A photograph nauyin na gaɓar farko, a photographer ya koma ta biyu, a photographic ta uku. Ka furta kowane harafi daidai amma ka danna inda ba nan ba, mai kanti zai tsaya yana kallonka, ka maimaita har ka gaji. A doguwar kalmar nan, gaɓar tar ake dannawa, kuma ban taɓa jin malamin da ya gaya mana ba.

Ni dai a ganina, lokacin da ake ɓatawa kan haddar dogon Turanci gara a sa yara su riƙa buga tebur a kan gaɓar da ke ɗauke da nauyi. Kunnen da ya saba da karin waƙar Hausa ba zai sha wuya ba.