Mawaƙa goma su hau kiɗa ɗaya, ina satar take?

Maganar da mai gabatar da shirin regen nan ya yi daren Asabar ta ɓata min rai matuƙa. Wai mawaƙan Jamaika ɓarayin juna ne, don kawai ya sa waƙoƙi uku a jere ya ji kiɗansu ɗaya. Haba malam! Kana riƙe da makirfo, jama'a na sauraronka, amma ka kasa tambayar yadda ake sana'ar?

Ba sata ba ce. Haka ake yin rege tun tushe. A Kingston, babban birnin Jamaika, mai sitidiyo ne yake biyan makaɗa su buga ganga da jita, kiɗan ya zama nasa, sannan ya kira mawaƙa kowa ya ɗora waƙarsa. Shi ne suke kira ridim. Ƙungiyar Sound Dimension ta buga kiɗan Real Rock a 1967 a Studio One, sitidiyon Coxsone Dodd, bayan fiye da shekara 10 Willie Williams ya hau shi da Armagideon Time, a sitidiyon dai. To wa ya saci na wa? Ansel Collins ya buga kiɗan Stalag a 1973 ƙarƙashin mai shirya faifai Winston Riley. Sister Nancy ta hau shi da Bam Bam a 1982, Tenor Saw ya biyo da Ring the Alarm a 1985. Ko ƙaramin faifan garmaho na lokacin, gabansa waƙa, bayansa kiɗa zalla, don masu zuba baiti a kan kiɗa irin su U-Roy su kama makirfo a filin rawa su zuba nasu. Da gangan aka bar ƙofar a buɗe.

Na san za a ce ai ƙarancin basira ne. Ku bar wannan zancen. Hawa kiɗan da kowa ya riga ya haddace ya fi wuya, domin ba ka da wurin ɓuya. Kiɗan ba zai cece ka ba, an ji shi a bakin waɗanda suka fi ka. Muryarka da saƙonka kaɗai za a auna. Wani ya yi wa Jah, wato Ubangiji a bakin 'yan Rasta, kirari a kai, wani ya koka da yunwa a Trenchtown, unguwar talakawa a Kingston, wani ya yi begen masoyiyarsa, kuma duk kiɗan ya ɗauke su. Ni wannan ne ma ya sa nake ƙaunar rege har cikin raina.

In cuta kake nema, tana wajen kuɗi. Makaɗan da suka ƙirƙiro waɗannan kiɗe-kiɗen galibi ladan aikin ranar kawai aka ba su. Sister Nancy ta shekara 32 ba ta samun kuɗin Bam Bam, tana aiki a banki a New Jersey ta Amurka, sai a 2014 da ta ji waƙarta a tallan Reebok ta tashi neman haƙƙinta. Wannan ya kamata ka ware wa shiri guda, malam, ka kuma kira sunayen makaɗan ɗaya bayan ɗaya.