Wai "ai sun sa hannu"? Ku tambayi ƙauyen Buakonikai

To ni fa na gaji. Tun da na ɗora hotunan nan na yadda haƙar ma'adinai ta lalata tsibirin Banaba ake ta biyo ni da magana ɗaya kamar an haɗa baki: wai ba ƙwace ƙasar aka yi ba, ciniki ne, mutanen tsibirin sun sa hannu kuma an biya su. Wani bawan Allah har da karanta mini darasin tattalin arziki, wai haka harkar ma'adinai take a ko'ina. Sannu Malam, Allah ya ƙara sani. Amma kafin ka koya mana kasuwa, je ka nemi labarin ƙauyen Buakonikai tukuna.

Mutanen Buakonikai cewa suka yi a'a. Duk maganata ke nan, kuma zan yi ta nanata ta har sai ta shiga. An tambaye su, suka ce ba za su ba da ƙasarsu ba, aka karɓe ta duk da haka. Ina cinikin yake a nan?

Banaba ɗin nan gaba ɗayansa wajen murabba'in kilomita 6 ne kawai, can tsakiyar Tekun Fasifik, yau yana cikin ƙasar Kiribati. A da ƙauyuka huɗu ne a kansa: Uma, Tabiang, Tabwewa da Buakonikai. Buakonikai ne a kan tudu, a tsakiyar tsibirin, inda ƙasa ta fi kyau, itatuwan kwakwa suka fi yawa. Rashin sa'arsu, a ƙarƙashin waɗannan itatuwan ne fosfet ya fi kauri, dutsen nan da ake niƙawa a yi takin zamani.

Masu cewa "sun sa hannu", ku zo mu duba hannun da aka sa. A 1900 wani ma'aikacin kamfani mai suna Albert Ellis ya sauka a tsibirin, ya samu wani dattijo ya laƙaba masa sarauta a takarda, alhali Banaba ba su da sarkin da ke da iko da filin kowa. Kowane fili da mai shi, mata ma suna gado kamar maza. Aka rubuta cewa kamfani zai haƙa na shekara 999 a kan fam 50 duk shekara. Shekara 999! Mutanen da ba su karanta Turanci, aka ba su takarda suka yi alama. Wannan shi ne kuke kira yarjejeniya? Da a ce wani ya zo ƙauyenku ya samu mai unguwa ya dangwala masa yatsa a kan gonar kakanka, za ka ce haka kasuwa take?

Amma bar ta 1900, a ce ba su san abin da ake ciki ba. Zuwa 1927 sun sani sarai. Sun ga abin da haƙar ke bari: ana kwashe ƙasa har sai an tarar da tsayayyun duwatsu masu kaifi, wurin da ko akuya ba za ta yi kiwo ba. Lokacin ma harkar ta bar hannun kamfani ta koma hannun wata hukuma da gwamnatocin Birtaniya da Ostireliya da Niyuzilan suka kafa a 1920. Hukumar ta nemi ƙarin eka 150, kuma a yankin Buakonikai. Mutane suka ƙi. Sai babban jami'in mulkin mallakar Birtaniya na wurin, Arthur Grimble, wanda aikinsa shi ne ya kare su, ya rubuta musu wasiƙa a 1928 yana jera musu abin da zai same su in sun yarda da abin da zai same su in sun ƙi, har da barazanar rushe ƙauyen. Suka sake ƙi. Sai kawai aka yi sabuwar doka da ta ba gwamnati ikon karɓar fili ko mai shi ya so ko bai so ba. Mata suka fita suka rungume itatuwansu, aka janye su aka sare.

Yanzu don Allah, wanda aka yi wa doka ta musamman saboda ya ƙi, shi ne ya yarda?

Na san abin da zai biyo baya: "Ai an ba su kaso a kowane tan." An ba su, ƴan kwabbai, kuma ba su ne ke riƙe da kuɗin ba, a asusu aka ajiye musu kamar marayu. Kun san abin da aka yi da asusun? Da shi aka sayi tsibirin Rabi a ƙasar Fiji a 1942, a kan fam 25,000. Wato da kuɗinsu aka saya musu wurin da za a kai su a zube. Japan ta mamaye Banaba a wannan shekarar, ta kwashe mutanen zuwa tsibiran Nauru da Kosrae da Tarawa, waɗanda suka rage kuma sojojinta suka kashe su bayan yaƙi ya riga ya ƙare. Da Turawa suka dawo, maimakon a mai da waɗanda suka tsira gida, sai aka ce musu gidajensu sun rushe, ba wurin zama. Ranar 15 ga Disamba 1945 aka sauke mutum kusan dubu a Rabi, a cikin tantuna, a lokacin guguwa, da abincin wata biyu. Tsibirin da aka ce ba ya zaunuwa kuwa, ma'aikatan haƙa suka koma suka ci gaba da aiki har 1979.

Abin da ke taɓa mini zuciya, wallahi, shi ne da suka zauna a Rabi sai suka kafa ƙauyuka huɗu, suka sa musu sunayen na gida. Yau akwai Buakonikai a Fiji. Mutumin da ya sayar da abu da son ransa ba ya yin haka.

Kuma ba su yi shiru ba. Jagoransu Rotan Tito da mutanensa suka kai ƙara har Landan, aka shafe kwana sama da 200 ana shari'a, tana cikin mafiya tsawo da aka taɓa yi a Ingila. Alƙalin da kansa ya soki yadda aka yi da su, amma ya ce kotu ba ta da ikon tilasta wa gwamnatin Birtaniya ta biya. Daga baya aka miƙo musu dalar Ostireliya miliyan 10, aka ce kyauta ce, ba diyya ba. Wajen tan miliyan 20 aka kwashe, kusan kashi 90 cikin 100 na fuskar tsibirin aka fere, manoman Ostireliya da Niyuzilan suka yi shekaru suna samun taki da arha, su kuma masu ƙasa aka ba su "kyauta". Madalla da karamci.

Mai cewa an gina musu asibiti da makaranta, ba ni da lokacinka. Mu da muka san kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato ba sai an yi mana bayanin irin wannan ginin ba. Mutanen da suka rage a Banaba yau ba su wuce ɗari uku da wani abu ba, kuma a 2021 sai da aka yi ta kururuwa a duniya saboda injin tace ruwan tekunsu ya lalace, ba ruwan sha. Da can ramukan ruwa na ƙarƙashin dutse suke da su, mata ne ke shiga su ɗebo, haƙa ta ɓata su. A haka ne a 2023 wani kamfanin Ostireliya ya sake fitowa da takarda, wai zai duba ko akwai sauran abin kalata a tsakanin duwatsun. Shi ma ya ce an sa masa hannu. Mutanen Rabi suka tashi suka ce su ba a tambaye su ba.

Af, ga wani abu da ban taɓa ganin an haɗa ba. Kiribati ɗin nan da kullum ake cewa teku zai cinye, yawancin tsibiranta ba su fi mita biyu zuwa uku a kan ruwa ba. Wuri mafi tudu a duk ƙasar, mita 81, a Banaba yake. A 2014 gwamnatin Anote Tong, shugaban Kiribati na lokacin, ta je ta sayi fili a Vanua Levu, a Fiji, saboda gudun ko-ta-kwana, kuma Rabi ɗin a gefen Vanua Levu yake. Mai darasin tattalin arziki, kai da ka iya lissafi, zo ka fassara mana wannan.