Mai gambara ya yi waƙar rawa, shi ne laifinsa?

Kwana uku ke nan ana yi wa yaron nan mai waƙar gambarar zamani, wato rap, ruwan zagi saboda sabuwar waƙarsa, abin ya tsaya mini a rai. Masu bibiyar hip-hop ɗin Kano sun san wanda nake nufi. Shekara da shekaru yana zubo baituka masu nauyi a kan tsadar rayuwa da shaye-shaye, sai ga shi ya saki waƙar cashewa, kiɗa mai sauri, amshi layi biyu. Shi ke nan masu sharhi suka yi masa caa, wai ya zubar da ajinsa, ya koma ɗan nanaye.

Ni a wajen kamun 'yar yayata na fara jin ta, ranar Asabar a Gwammaja. Mata na zazzaune kowa na danna waya, shinkafa na hucewa a roba. Kiɗan na tashi, wata gwaggonmu da ta haura sittin ta gyara ɗaurin kallabi, ta miƙa wa jikarta jaka, ta shiga fili. Kafin amshi na biyu an fara liƙi. Don Allah, wanda ya iya tayar da wannan baiwar Allah mai ciwon gwiwa, a ce bai yi aiki ba?

Ba a kanmu aka fara wannan rigimar ba. A 2012 mawaƙiyar gambara ta Amurka Nicki Minaj ta saki Starships, waƙar rawa zalla, kiɗan RedOne. Peter Rosenberg na gidan rediyon Hot 97 da ke New York ya kushe ta a bainar jama'a ranar bikin mawaƙa na Summer Jam, cewa ba hip-hop na gaskiya ba ce, har Nicki ta fasa hawa dandalin. Waƙar ta kai ta biyar a jerin waƙoƙin da suka fi tashe na Billboard, kuma matar ba ta manta gambara ba daga baya.

Amma mu Hausawa ma me ya kai mu aron wannan ma'aunin? Kalangun Shata an taka shi an ƙara. Barmani Choge da kiɗan ƙwarya ta yi ta girgiza gidajen biki har ta bar duniya a 2013, ba wanda ya ce don ana rawa ba ta da fasaha. Su kansu 'yan gambara da muka ari sunansu muka laƙaba wa rap, masu nishaɗantar da jama'a ne a kasuwa da dandali, da ganga da barkwanci.

Sannan a duba aljihun yaron. Situdiyo a Zoo Road ba ta ɗaukar murya kyauta. Faifai ya mutu. Waƙoƙinsa masu ma'ana da ake kuka a kansu yau, yawancinmu a kasuwar Farm Centre aka tura mana su a waya, sisi bai shiga hannunsa ba. Wadda ake kira biki dominta, wadda 'yan mata ke hawa a TikTok, ita ke biyan kuɗin haya.

Inda nake da ƙorafi daban ne, kuma ban ga mai sharhi ko ɗaya ya taɓo wurin ba. Ƙanena, baiti na biyu ka yi mana rowa. Ka cusa Turanci don cike gurbi, ka maimaita kalma ɗaya sau huɗu don ƙafiya ta zauna, alhali na san abin da bakinka ya iya. Barmani tana sa ka rawa, ka koma gida kana juya habaicin da ta yi. Wannan nake nema a wurinka, da wannan kiɗan dai, kada ka rage masa sauri.

Jiya Gwaggo ta aiko jikarta in tura mata waƙar. Amshin ya riga ya zauna a bakinta. Da ta kira ni tana tambaya me yaron ke cewa a tsakiya, rasa abin da zan gaya mata na yi.