Guguwar rana: mu ma muna da namu rabon matsalar

Duk wanda ya saba kama rediyo a gajeren zango ya san yadda wata tasha ke fitowa tangaran da dare, da rana kuma ta dusashe. Dalilin yana can sama, daga kimanin kilomita 60 zuwa 1,000, inda hasken rana ke fizge ƙwayoyin lantarki daga jikin iska, ya bar abin da masana ke kira filazma. Wannan filazmar ce ke dawo da igiyar rediyo ƙasa har ta iso Kano ko Damagaram daga wata uwa duniya. Ita kanta rana filazma ce, kullum tana feso ta cikin sarari da gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa guda.

In rana ta yi aman wuta mai ƙarfi, sai a ji a jiki. A watan Maris na 1989 wata guguwar rana ta jefa mutum miliyan shida cikin duhu na awa tara a lardin Kebek na Kanada. A Fabrairun 2022 wata guguwar ta sa kamfanin SpaceX ya yi asarar taurarin ɗan Adam na Starlink 38 cikin 49 da ya harba. A Mayun 2024 kuma aka yi guguwa mafi ƙarfi tun 2003, har taraktocin manoman Amurka masu bin GPS, wato saƙon tauraron ɗan Adam mai nuna wa mutum inda yake, suka rikice ana tsakar shuka.

Jin waɗannan sunaye sai ya sa mutum ya ce ai matsalar ƙasashen sanyi ce. Ban yarda ba. Layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa ta Najeriya, kuma sararin da ke kansa yana da nasa hali. Da faɗuwar rana filazmar kan taso sama, ta yi ramuka kamar kumfa, saƙon tauraron ɗan Adam da ya ratsa ta sai ya yi rawa ko ya yanke. Ba sai an yi guguwa ba. Abin ya fi tsanani a wajajen Maris da Oktoba, musamman a shekarun da rana ta yi ƙarfi a zagayenta na shekara 11, wanda hukumomin Amurka NASA da NOAA masu nazarin sararin samaniya da yanayi suka ce ya kai ƙololuwa a 2024. Jiragen sama, masu awon filaye, da jami'an tsaro masu sarrafa jirage marasa matuƙa duk da GPS suke aiki.

Afirka ta Kudu ta buɗe cibiyar da ke sa ido kan yanayin sararin samaniya dare da rana a garin Hermanus a 2022. Mu kuma ba baƙin fannin ba ne: Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya da binciken wutar lantarkin da ke gudana a sararin da ke kan wancan layin maganaɗisu tun yana Jami'ar Ibadan, kuma hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, tana da cibiyar nazarin sararin sama a Anyigba da ke jihar Kogi.

Wani zai ce ga yunwa ga rashin tsaro, ina ruwanmu da filazma? Tambayar tana da nauyi, amma kuɗin na'urorin auna maganaɗisu da saƙon GPS bai kai ko kusa da na harba tauraro ɗaya ba. A girke su a jami'o'in Sakkwato, Zariya, Maiduguri da Yamai, a ba su wutar sola da intanet, a kuma riƙa tura gargaɗi kai tsaye ga hukumomin sufurin sama da na sadarwa kafin magariba.