In bash kake nufi, ka rubuta bash mana

Wallahi abin nan yana ƙona min rai. Mutum ya rubuta 'yar manhajarsa, ya ɗora a GitHub (shafin da ake raba manhajoji), a layin farko ya sa #!/bin/sh, wato sh ne zai karanta umarnin cikinta ya aiwatar, amma cikinta kaf salon bash ne, wani mai karanta umarni da ya fi sh kayan aiki: ga [[ ]] na gwada sharaɗi, ga source na jawo wani fayil. A kwamfutarsa lafiya lau, don a can sh ɗin bash ne ya sake riga. Kai kuwa da ka sauke a Ubuntu (wani nau'in tsarin Linux), sai ta watso maka "[[: not found". Tun 2006 Ubuntu ta mai da /bin/sh ya zama dash, wani mai karanta umarnin daban, Debian (ita ma nau'in Linux ce) ta bi sahu a 2011. Dash ya fi sauri, amma kusan abin da POSIX (mizanin da ya tsara abin da kowane sh zai sani) ya tanada kaɗai ya sani.

Abin takaicin ma, ba lallai ta tsaya ba. Sai ta ɗauki sharaɗin a matsayin bai cika ba, ta wuce abinta, ka tarar an kwafe fayil inda bai kamata ba. Ka kai ƙorafi, a ce maka "ni dai tana aiki a wajena". Haba Malam! Rubuta #!/usr/bin/env bash, ko ka bi da ita ta ShellCheck, mai duba kurakuran irin wannan rubutu, kafin ka tura. Kyauta ne, kuma nan take zai nuna maka layin.